Zubin fanshon Birtaniya daga ƙasar waje: wace shekara ce ta cancanci a saya?

Wanda ya yi aiki a Birtaniya na wasu shekaru sannan ya tattara ya bar ƙasar, akwai abin da ya bari a baya wanda sau da yawa ba ya sa shi a lissafi: shekarun da aka yi ana cire masa kuɗin Inshorar Ƙasa, wato NI, daga albashinsa. Shekarun nan ba sa gogewa don ya koma ƙasarsu ko ya wuce Dubai ko Kanada, kuma ba sai yana riƙe da fasfon Birtaniya ba. Suna nan rubuce a ƙarƙashin lambarsa ta NI, kuma da su ne za a auna fanshon gwamnati da zai karɓa idan shekarunsa sun kai. Doka ta ba shi damar ci gaba da zubi daga inda yake zaune, na ganin dama, don ya ƙara yawan shekarun. Ribar abin tana da yawa. Amma ana iya zuba kuɗin a shekarar da ba za ta ƙara ko kwabo ba, kuma idan hakan ta faru, dawo da su sai an sha wuya.

A fara da yadda ake lissafin. Sabon tsarin fansho ya fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2016, kuma ya shafi namijin da aka haifa daga 6 ga Afrilu 1951 da macen da aka haifa daga 6 ga Afrilu 1953. A wannan tsari, sai mutum ya tara cikakkun shekaru 10 kafin ya samu wani abu, sannan shekaru 35 ne ke ba da cikakken fansho. Cikakken kuwa fam 230.25 ne a mako a shekarar haraji ta 2025/26, ya koma fam 241.30 daga Afrilun 2026. Idan aka raba 241.30 gida 35, kowace shekara ɗaya tana kawo kusan fam 6.89 a mako, wato wajen fam 358 a shekara, har ƙarshen rayuwa. Shekarar haraji a can ba daga Janairu take farawa ba, daga 6 ga Afrilu ce zuwa 5 ga Afrilun shekara mai zuwa, kuma duk wani wa'adi da za a ambata a nan da wannan kalanda yake tafiya.

Dubi abin da ƙa'idar shekara 10 take nufi. Mai shekara 9 ba shi da komai. Mai shekara 10 yana da kusan fam 68.94 a mako, fiye da fam 3,500 a shekara. Ke nan ga wanda ya tsaya a 8 ko 9, shekara ɗaya ko biyun da suka rage su ne mafi daraja da zai taɓa saya, domin su ne mabuɗin duk na baya. Akwai sassauci ɗaya: shekarun da mutum ya yi zubi a ƙasashen Tarayyar Turai, Norway, Iceland, Liechtenstein, Suwizalan, ko wasu ƙasashen da ke da yarjejeniya da Birtaniya, ana iya haɗa su don a cika goman. Sai dai kuɗin da za a biya shi na shekarun Birtaniya ne kawai. Mai shekara 7 a Birtaniya da 5 a Jamus zai tsallake ƙofar, amma kashi 7 cikin 35 zai karɓa.

Zubin ganin dama iri biyu ne, takardunsu suna kiran su Class 2 da Class 3, a nan mu ce aji na 2 da aji na 3. Bambancin farashinsu ba kaɗan ba ne. A 2025/26 aji na 2 fam 3.50 ne a mako, fam 182 a shekara. Aji na 3 kuwa fam 17.75 a mako, fam 923 a shekara, ya koma fam 18.40 a mako a 2026/27, wato fam 956.80. Alhali abin da kowannensu ke ƙarawa a fansho ɗaya ne. Wanda ya sayi shekara da fam 182 yakan mayar da kuɗinsa cikin wata bakwai na farkon karɓar fansho. Wanda ya saya da fam 956.80 sai ya yi kusan shekara biyu da wata takwas. Ko na biyun ma ciniki ne da ba a cika samun irinsa a kasuwar inshora ba, amma na farkon garaɓasa ce tsagwaronta, shi ya sa ba a yi mamaki ba da gwamnati ta sa masa ido.

A kasafin kuɗin da ministar kuɗi Rachel Reeves ta gabatar ranar 26 ga Nuwamba 2025, an sanar da cewa daga 6 ga Afrilu 2026 mazauna waje ba za su ƙara zubin aji na 2 na ganin dama ba, in ban da wasu 'yan tsirarun rukunoni na musamman. Saura aji na 3 kawai. An kuma ɗaga sharaɗin shiga: a da, zaman shekara 3 a jere a Birtaniya ko zubin shekara 3 ya wadatar, yanzu sabon mai nema sai ya nuna zaman shekara 10 a jere, ko zubin shekara 10 da ya yi yana cikin ƙasar. Wannan ya fi shafar wanda ya je karatu ya ɗan yi aiki shekara huɗu ko biyar ya dawo, wanda a da shi ne ya fi kowa cin moriyar tsarin.

Amma canjin bai koma baya ba, kuma nan ne mutane ke saurin yanke ƙauna ba gaira ba dalili. Shekarun da aka yi a waje kafin 6 ga Afrilu 2026 suna nan kan tsohuwar ƙa'ida. Wanda ya cika sharuɗɗan aji na 2 a waɗannan shekaru yana iya cike giɓinsu, wato ya biya makonnin da bai yi zubi ba, da farashi mai sauƙi, matuƙar wa'adinsu bai wuce ba. Sharuɗɗan su ne: ya kasance yana aiki a Birtaniya, na albashi ko na kansa, dab da barinsa ƙasar, ya kasance yana aiki a ƙasar da ya koma a makonnin da yake son biya, sannan ya cika sharaɗin shekara 3 da aka ambata. Kalmar "dab da" tana da nauyi. Wanda ya ajiye aiki ya zauna watanni ba ya komai, ba kuma ya cikin masu neman aiki a hukumance, sannan ya tashi, ana iya cewa aji na 3 ne nasa. Haka makonnin da mutum ya yi a waje ba ya aiki, ko da 'yan watanni ne tsakanin wani aiki da wani, aji na 3 ake lissafa su. Don haka ba abin mamaki ba ne shekara ɗaya ta zo da farashi biyu a gauraye. Waɗanda kuma dama suna kan zubin aji na 2, an ba su damar komawa aji na 3 ba tare da sharaɗin shekara 10 ba, idan sun nema kafin 6 ga Afrilu 2027. Wanda yake da shekarun Birtaniya ƙasa da goma kuma ya bari wannan rana ta wuce, ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa.

Wa'adin cike giɓi shekara shida ne bayan ƙarewar shekarar harajin. Giɓin 2020/21 yana rufewa ranar 5 ga Afrilu 2027, na 2021/22 a 2028, haka dai kowace shekara ɗaya tana faɗuwa daga baya. An taɓa buɗe wata dama ta musamman da ta kai har 2006, amma ta rufe ranar 5 ga Afrilu 2025, kada wani tsohon bayani a intanet ya ruɗe ka. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya biyan duka a lokaci ɗaya ba, da shekarar da ta fi tsufa zai fara, in dai tana cikin masu amfani. Farashin ma yana bin lokaci: aji na 3 na shekaru biyun da suka gabata ana biyansa da farashinsa na asali, aji na 2 na shekarar da ta gabata kawai, abin da ya fi haka tsufa da farashin yau.

To, yaya ake gane shekara mai amfani? Kafin a taɓa aljihu, takardu biyu ake nema. Ta farko tarihin zubinka na NI, wanda ke nuna kowace shekara da ko ta cika ko ba ta cika ba, da abin da ake nema don a cike ta. Ta biyu hasashen fansho, wanda ke faɗa maka abin da ka tara zuwa yanzu da iyakar abin da za ka iya kaiwa. Dukansu ana ganinsu a shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, idan ka iya tsallake tantance kai, wanda yakan yi wa mazaunin waje gardama idan ba shi da fasfon Birtaniya ko wata takardar can mai rai. Wanda abin ya ƙi masa sai ya bi ta gidan waya: fom BR19 don hasashen fansho, fom CA3916 don tarihin zubi. Wanda ya manta lambarsa ta NI kuwa ya duba tsohuwar takardar albashi ko P60, takardar jimillar albashi da haraji ta ƙarshen shekara, in bai samu ba akwai fom CA5403. Lambar ɗaya ce har abada, ba a sake ba da sabuwa.

A cikin tarihin, fara neman shekarun da suka kusa cika. Shekarar da mutum ya bar ƙasar a tsakiyarta, ko wadda ya fara aiki a ƙarshenta, sau da yawa makonni kaɗan ne suka rage mata. Shekara ba ta ƙirguwa rabi: ko ta cika ko ba ta cika ba. Wadda saura mako 6 ta cika, a farashin fam 18.40 kusan fam 110 ne, kuma za ta ba da daidai abin da ta fam 956 za ta bayar. Duba kuma ko akwai shekarun da ya kamata a rubuta maka kyauta amma ba a rubuta ba, misali lokacin da ake karɓar tallafin yara na Child Benefit ga ɗan ƙasa da shekara 12. Sau tari sunan miji ne a kan tallafin alhali matar ce a gida ba ta aiki, sai shekarun su tafi ga wanda ba ya buƙatarsu. Ana iya neman a mayar da su kan wanda ya dace, kuma ya fi a gyara wannan kafin a saye su da kuɗi.

Babban rami yana wajen waɗanda suka yi aiki kafin 2016. Ga su, maganar "shekara 35 ta isa" ba lallai ta zama gaskiya ba. A ranar 6 ga Afrilu 2016 an yi wa kowa lissafi biyu, ɗaya da tsohon tsari ɗaya da sabo, aka ɗauki wanda ya fi yawa ya zama mafarinsa. Wanda ya yi aiki a inda aka cire ma'aikata daga ƙarin fanshon gwamnati don suna da na wurin aiki, kamar malaman makarantun gwamnati da ma'aikatan hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ya biya NI mai rangwame a lokacin, don haka an zaftare masa wani abu a mafarin. Irin wannan mutum yana iya kai shekara 35 bai kai cikakken fansho ba, ya buƙaci ƙari. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya riga ya kai cikakken adadi, ko da ya ƙara shekara goma ba abin da zai ƙaru. Shi ya sa ba a yarda da lissafin kai kaɗai. Wanda bai kai shekarun fansho ba ya kira ofishin Future Pension Centre, wanda ya kai ko ya kusa ya kira International Pension Centre, dukansu a ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, ya yi tambaya ɗaya ƙarara: idan na biya shekara kaza, nawa fanshona zai ƙaru? A rubuta amsar da ranar da aka yi kiran. A lura cewa hukumar haraji, wato HMRC, ce ke karɓar kuɗi, DWP ce ke lissafin fansho, kuma ba aikin HMRC ba ne ta hana ka biyan shekarar banza.

Akwai wani lissafin da matasa kan manta. Ɗan shekara 35 da ke da shekara 12 a tarihinsa kuma yana da niyyar komawa Birtaniya ya yi aiki na dogon lokaci, wataƙila aikin da kansa zai cike masa sauran. Shekarun fansho 66 ne, suna hawa zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, kuma dokar da ke ƙasa ta ce 68 tsakanin 2044 da 2046. Idan shekarun aikin da ke gabansa a can sun isa, sayen tsofaffin giɓi da farashin aji na 3 asara ce. Da farashin aji na 2 kuwa, a ganina, a saya kawai, domin niyyar komawa takan canja, kuma fam 182 ba kuɗin da za a yi da-na-sani a kansu ba ne.

Neman izinin zubin da fom CF83 ake yi, ta intanet ko ta gidan waya, kuma bayaninsa yana cikin takardar NI38. Za a tambayi ranar da ka bar Birtaniya, aikinka na ƙarshe a can, da jerin ayyukan da ka yi a waje da ranakun farawa da gamawa. Wannan jeri shi ke yanke ajin da za a sa ka a shekarun baya, don haka a cike shi da natsuwa, kada a bar tazarar da ba a bayyana ba. Amsa takan ɗauki watanni, kuma yawanci wasiƙa ce ta takarda, wanda adireshinsa ba ya karɓar wasiƙa da kyau ya tanadi wanda zai dogara da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: fom ɗin da aka tura a watan Maris don shekarar da za ta rufe 5 ga Afrilu caca ce. A ajiye shaidar ranar da aka tura, domin ita ce hujja idan jinkirin daga wajen HMRC ya zo.

Wasiƙar za ta jero shekarun, da kuɗin kowace da wa'adinta. Wanda yake da asusun banki a Birtaniya har yanzu, ya fi sauƙi ya bari a riƙa cira kai tsaye. Wanda zai turo daga waje kuwa, abubuwa biyu ne ke ɓata aiki. Na farko lambar shaidar biya: dole a rubuta ta daidai yadda aka umarta, wadda ga mazauna waje takan ƙunshi lambar NI, haruffan IC, sunan mahaifi ko na iyali, da harafin farko na suna. Kuskure ɗaya ya isa kuɗin su shiga asusun hukuma su zauna ba mai su. Na biyu cajin banki. Dole kuɗin su isa da fam, cif. Idan bankin da ke tsakiya ya yanki fam 15 a hanya, mako ɗaya ya faɗi, shekarar kuma ba ta cika ba, kai kana can kana ganin ka gama. A zaɓi cewa mai turawa ne zai ɗauki duk caji, ko a ɗora ɗan ƙari a kai. Idan shekaru biyu ko uku kawai ka zaɓa daga cikin jerin, ka sanar da HMRC waɗanda kake nufi, kada ka bar su su raba yadda suka ga dama. Bayan wasu makonni a koma a duba tarihin, a tabbatar shekarar ta koma cikakkiya.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi ga mai shirin tsufa a waje, wadda masu kwaɗaita wa mutane zubin ba su cika ja ba. Fanshon yana ƙaruwa kowace Afrilu da mafi girma cikin abu uku: hauhawar farashi, ƙaruwar albashi, ko kashi 2.5 cikin ɗari. Amma ƙarin ba ya bin mutum ko'ina. Mazaunin Tarayyar Turai, Suwizalan, Amurka, Jamaika, Barbados, Turkiyya, Filifin ko Morishas yana samunsa. Mazaunin Kanada, Ostireliya, New Zealand, Afirka ta Kudu, Indiya, Pakistan, Saudiyya, Ghana, Nijar ko Najeriya ba ya samu. Fanshonsa yana daskarewa a adadin da ya fara karɓa, ko adadin ranar da ya koma can. Wanda ya fara karɓar cikakken fansho a 2016 a ɗaya daga cikin ƙasashen nan, fam 155.65 ya fara da shi, kuma shi yake karɓa har yanzu, alhali takwaransa na Landan ya kai 241.30 a Afrilun 2026. Tazarar fam 85.65 ke nan kowane mako cikin shekara goma kacal. Idan ya je Birtaniya ziyara ya sanar, za a biya shi da adadin yanzu na kwanakin da ya yi, ya koma kuma a mayar da shi inda yake.

Wannan bai kashe cinikin ba. Kafin a fara karɓa, darajar shekarun tana hawa tare da ta kowa, daskarewar sai an fara biya. Kuma kuɗin da aka zuba suna dawowa a shekaru ukun farko ko da babu ƙari. Ga wanda ke zaune inda kuɗin ƙasar ke yawan faɗuwa, fam da ba ya ƙaruwa ma yana da nasa amfani. Abin da ya canja shi ne a daina hasashen cewa fanshon zai riƙe mutum a shekara 85 yadda ya riƙe shi a 67.

A kuma sani cewa wannan ba asusun ajiya ba ne. Ba wata tukunya da sunanka da za a raba wa magada. Wanda ya rasu kafin shekarun fansho, abin da ya zuba ya tafi, kuma a sabon tsari mata ko miji ba sa gadon ainihin fanshon, sai wasu ragowar haƙƙoƙi na tsohon tsari ga waɗanda suka cancanta. Saboda haka mai fama da ciwo mai tsanani ya yi lissafinsa daban, kuma ma'auratan da dukansu ke da tarihin NI, gara kowa ya gina nasa da a tara komai a kan mutum ɗaya. Fanshon kuma kuɗin shiga ne da haraji ke iya hawa kansa, a Birtaniya ko a ƙasar da ake zaune, gwargwadon yarjejeniyar haraji da ke tsakanin ƙasashen biyu.

Idan lokaci ya yi, fanshon ba ya zuwa da kansa, sai an nema. Ana iya nema tun saura wata huɗu a kai shekarun, ta International Pension Centre, da fom ɗin neman fansho na mazauna waje. Ana biya duk mako 4 ko duk mako 13, a asusun Birtaniya ko na ƙasar da ake zaune da kuɗin ƙasar. Lokaci zuwa lokaci za a aiko da takardar shaidar rai, a sa hannu a gaban shaida a mayar. Idan ta tafi tsohon adireshi ba a mayar ba, dakatar da biya ake yi, don haka duk sauyin gida a sanar da HMRC da DWP daban-daban, kada a ɗauka faɗa wa ɗaya ya isar wa ɗayar.